Kifin da Ka Ce Ya Yi Kama da Ni

Assalamu alaikum, Abban Walida.

Bayan gaisuwa irin wadda na saba yi maka idan ka turo ƙofa da yamma, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, Ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba za ta zo hannunka ba. Babu ɗan aiken da ke zuwa inda kake, kuma ko da kana raye kai ba mai son dogon rubutu ba ne, layi biyu za ka karanta ka ajiye ka ce in faɗa maka da baki. To bakin ne yanzu ba shi da wanda zai faɗa wa. Shi ya sa na jawo wani kwali a falo na ɗora takarda a kai, tunda teburin ma an ɗauke shi. Yara suna gidan maƙwabta, na idar da la'asar, na ce bari in yi maka magana ko na samu sauƙin abin da ke ƙirjina.

Na fita takaba. Wata huɗu da kwana goman nan da nake jin mata suna faɗa tun ina yarinya, ashe haka suke da tsawo. Anti Memuna ce ta tsaya a kan komai. Maƙwabciyarmu 'yar Kumasi nake nufi, mai aiki a filin jirgi, wadda kake tsokana kana cewa Hausarta ta sha ruwan Ghana har ta ƙoshi. Ta yi musayar ranar aiki da wata, ta zo da sassafe ta wanke mini kai, ta yi mini kitso, ta zauna ta ƙunsa mini lalle da hannunta. Ita ta toya wainar sadaka, matan abokanka na unguwar Nu'aija suka zo da miya da lemo. Aka yi maka addu'a, aka ci, aka yi ta ba ni haƙuri. Na sa sabuwar atamfar da Hajiyarka ta aiko mini daga Funtuwa. Da na tsaya gaban madubi sai na ga wata mata ta sha kwalliya, ga jan lalle har idon sawu, amma babu wanda zai shigo ya tambaya wa aka yi wa wannan gayu. Na koma bakin gado na zauna, sai da Anti Memuna ta leƙo ta ce yalla, in taso, baƙi suna jirana.

Gidanmu na unguwar Al Aziziya, a nan Doha, ya zama kwalaye. Ka san kai ne kafil ɗinmu, zamanmu a ƙasar nan da sunanka yake rataye. Mutanen wurin aikinka sun yi mana halacci, suka ce mu zauna har in gama idda, ba wanda ya matsa mana. Yanzu ta ƙare, ba sauran dalilin zama. Farkon mako mai zuwa za mu tashi. Yayanka, Yaya Lawal, zai tarye mu a Kano, ya ce an gyara mana ɗakin da ke kusa da na Hajiya. Hajiya kuwa kullum sai ta kira. Ba ta taɓa yi mini maganarka, sai dai ta tambaya ko takwararta Walida ta ci abinci, daga nan muryarta ta fara rawa ta ce ana kiranta a waje. Autarmu Husna ta fara haɗa magana. Takalmanka na aiki, masu ƙarfe a baki, ta mayar da su abin wasa, tana zura ƙafa biyu a cikin guda tana faɗuwa. Na kasa sa su a kwali, na kuma kasa bayar da su.

Mu za mu tafi, kai za ka zauna. Wannan ne abin da har yau ya ƙi kwanta mini a rai. Yaya Lawal ya ce ƙasa duk ta Allah ce, a rufe ka inda ka cika, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ni ban san inda kake kwance ba. Maza suka ɗauke ka suka tafi, mu mata muka zauna a gida kamar yadda muka taso muka ga ana yi. An ce mini wurin fili ne fetal, babu ko bishiya. Ko da zan je, me zan gane a can? Ba ka taɓa tsayawa a wurin da ƙafarka ba, ba ka taɓa yin dariya a wurin ba.

Maganar gidan kifi ce ta sa na ɗauki biro. Gobe za mu je, in Allah Ya kai mu.

Kai dai ka san halinka. Tun da ka kawo ni Doha ba ka taɓa kai mu wani wuri ba sai ka fara zuwa kai kaɗai ka duba shi. Ka ce haka ake yi a wurin aikinku, ba a tura mutane cikin wuri sai an zagaya an ga mashiga da mafita. To mu ma, matarka da 'ya'yanka, sai muka zama ma'aikatan kamfanin gas. Wurin shan iska ne, kantin sayayya ne, gidan cin abinci ne, hatta asibitin da na haifi Husna, sai ka je ka gano inda ake ajiye mota, da inda masallacin mata yake, da ko akwai matakalar da za ta hana keken yarinya wucewa, da ko banɗakin yana da ruwa. Sannan ka dawo ka tsaya a ƙofar kicin, hannu a aljihu, kana ba da rahoto kamar an aike ka. Ni kuwa in ce ka riga ka cinye daɗin wurin, mu ragowar kallo ka bar mana. In ɗaure fuska, kai kuma ka juya wajen yara ka ce ga Hajiya Ɗaure-fuska ta iso, a ba ta kujera.

Ka tuna yadda maganar ta taso. 'Yan ajinsu Walida sun je babban gidan kifin nan na bakin teku a makon da take kwance da zazzaɓi. Da ta warke ta koma makaranta aka cika mata kunne da labari, wai kifi na wucewa ta saman kan mutum. Yarinyar nan ta hana mu sakat. Da safe gidan kifi, a mota gidan kifi, kana alwala tana tsaye a bayanka da gidan kifi. Ka gaji ka yi mata alkawari, ka ce ranar Asabar za mu je mu huɗu, har da Husna a kekenta. Na san abin da zai biyo baya, kuma bai ƙi ba. Ana tashi daga aiki ka wuce can kai kaɗai.

Ranar ka dawo kana dariya tun daga bakin ƙofa. Ba ka zo kicin ba da rahoton da ka saba ba. Ka durƙusa gaban Walida ka ce mata ka ga wani kifi, wallahi kamarsu ɗaya da Mama idan ta yi fushi. Yarinya ta hau tsalle, tana tambaya babba ne ko ƙarami, wane launi ne, a wane gilashi yake. Ka ƙi faɗa. Ka ce ita za ta nemo shi da kanta ran Asabar, ta dubi fuskar Mama ta dubi gilashi, in ta canka daidai za ka gaya mata. Ina tsaye da ludayi a hannu ina jin ku. Na ɗaure fuska tamau, da ma ga haushin ka tafi ba mu, ga kuma an haɗa ni da kifi. Sai ka nuna ni da yatsa ka ce yauwa, ga ta nan, Walida ta riƙe wannan fuskar da kyau kada ta manta. Kuka yi ta dariya ku biyu har Husna ta tsorata ta fashe da kuka.

Asabar ɗin ba ta same ka ba. Ran Alhamis ka fita da ƙafarka, ka manta kwanon abincinka a kan tebur, na bi ka da shi har mota ina mita. Kafin azahar aka kira ni. Suka ce zuciya ce, ka zauna a kujera ka ce kana jin jiri, shi ke nan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da na san mitar nan ita ce magana ta ƙarshe tsakaninmu, da wata maganar na zaɓa.

Bari in ba ka labarin 'yarka, don ita ce dalilin komai.

Makonnin farko Walida shiru ta yi. Ba kuka, ba wasa, sai ta zauna kusa da ni a kan darduma tana wasa da gezar mayafina. Na ce to, yarinya ce, da sannu za ta sake. Daga baya sai ta rikiɗe ta zama wata daban. Wannan Walida taka, mai jera takalma a bakin ƙofa ba a sa ta ba, ita ce ta ɗauko janbakina, wanda na ajiye saboda takaba, ta zane bangon falo da shi. Ita ce ta juye mini yaji a cikin tulun ruwan sha. Ta sa almakashi ta yanke wa Husna gashi gefe guda. Wata rana ta ɗauki kofin shayinka, wanda ba na bari kowa ya taɓa, ta ɗaga shi sama tana kallona, ta sake shi a kan tayil.

Kuma duk abin da ta yi ba ta gudu. Sai ta zo ta tsaya a gabana ta zuba mini ido. Ni kuwa me zan yi wa marainiya? Da can ai ka sani, ko cokali ta yar sai ta ji muryata. Amma yanzu in na dube ta goshinka nake gani. Sai in jawo ta in rungume, in ce ba komai, Allah Ya shirya. Ranar kofin nan ma na durƙusa na tsince fasassun da hannuna, hawaye na zuba, na ce mata ba komai. Sai ta fashe da wani irin kuka, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Matan abokanka suka ce maraici ne, haka yake fitowa a jikin yara, in ƙara haƙuri. Na ƙara haƙuri, abin ya ƙara gaba.

Anti Memuna ta sha cewa a bar ta ta kai su gidan kifin ranar hutunta, tunda ni ba halin fita, ko yarinyar ta samu abin da zai ɗauke mata hankali. Na amince. Walida ta ce ba za ta ba. Aka lallashe ta, aka yi mata alkawarin askirim, ta kafe. Na ɗauka tuna mata da kai wurin yake yi, na ce khalas, a bar maganar.

Sai ana saura kaɗan in fita takaba gaskiya ta fito. Anti Memuna na yi mata kitso, kanta a kan cinyarta, tana jan ta da hira irin tasu ta mutanen Zongo, har yarinyar ta saki baki. Ta ce Abba ya ce ta dubi fuskar Mama ta dubi gilashi. To in Mama ba ta wurin, da me za ta gwada? Kuma Mama ta daina fushi. Tun da Abba ya tafi Mama ba ta ƙara yin fuskar ba, ita kuma ta fara mantawa da yadda take. Ta yi duk abin da ta san yana sa Mama fushi, Mama sai dai ta rungume ta. Ga shi an ce za mu koma Najeriya. In muka tafi ba ta gane kifin ba, shi ke nan, ba za ta taɓa sanin wanda Abba yake nufi ba.

Anti Memuna ta zo ta same ni a kicin ta faɗa mini, tana faɗa tana share ido da bakin gyalenta. Abban Walida, ka ji abin da ka bar mini? Wasa ka yi na minti biyu a bakin ƙofa, yarinya ta ɗauke shi ta riƙe kamar wasiyya. Duk watannin nan ina ganin na yi mata gata da na daina faɗa, ashe abin da take nema ke nan na hana ta. Kofinka ma saboda kai ta fasa shi.

Ka san al'ada, in mace ta fita takaba sai ta zagaya gidajen da suka zo mata gaisuwa ta yi godiya. Hajiya ta tuna mini a waya har sau biyu. Shekaranjiya na shirya da niyyar haka, na bar yara wajen Anti Memuna, na shiga motarka. Na je gida ɗaya a Nu'aija, na sha shayi, na yi godiya. Da na fito, maimakon in shiga layi na gaba sai na ga na ɗauki hanyar bakin teku. Ban shirya ba, wallahi. Sai da na hango ginin na gane abin da nake yi. Duba wuri na zo, ni kaɗai, kafin in kawo yara. Ni da na shekara nawa ina yi maka mita a kan wannan hali.

To ga rahotonka, tunda kai ba ka ba ni naka ba. Akwai wurin ajiye mota a ƙarƙashin rumfa, amma sai an zo da wuri, in rana ta ɗaga sai na fili, kuma zafi ya fara shigowa. Daga can zuwa ƙofa ba matakala, keken Husna zai wuce. Masallacin mata yana hannun dama in an shiga, bayan banɗaki, kuma akwai ruwa. Ciki da sanyi sosai, sai na ɗauko musu rigunan sanyi daga kwalin da na riga na ɗaure. Akwai wani wuri mai duhu da nake jin Husna za ta tsorata, nan zan ciro ta daga keke in goya ta. Na yi daidai? Akwai abin da na manta? Ina tafe ina jin kamar za ka taɓa kafaɗata ka ce ban duba mafitar gaggawa ba. Na duba, tana can ƙarshen zauren, da koren fitila a kanta.

Sannan na shiga wajen kifayen. Ni da iyakar sanina da kifi shi ne na dam ɗin Mairuwa da wanda ake soyawa a bakin tasha, sai ga ni a cikin wani rami na gilashi, ruwa a dama, ruwa a hagu, ruwa a sama. Gaskiyar 'yan ajinsu Walida, kifi na wucewa ta saman kan mutum. Wani mai faɗi kamar faifai ya zo ya shuɗe a hankali, cikinsa fari. Mutane na ta ɗaukar hoto, yara na ihu da yare iri iri. Ni kuwa ƙasa nake kallo. Na ce a nan ka taka. A nan wani wuri ka tsaya da rigar aikinka, kai kaɗai, ka ga wani kifi ka tuna da ni ka yi dariya. Kabarinka ban san shi ba, amma nan na san ka tsaya da ranka da lafiyarka. Na dafa gilashin, sanyinsa ya ratsa lallen hannuna, na daɗe ban ɗauke ba.

Na ce bari in nemo shi da kaina, in ya so gobe in taimaka wa yarinyar. Na bi gilashi ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba. Abban Walida, uku na samu.

Akwai wani ƙato mai ɗigo ɗigo, irin hamur ɗin da kake sayowa a kasuwar kifi, ya kwanta a ƙasa ya turo leɓen ƙasa gaba, ya saki baki, yana kallon kowa a wulaƙance. Na ce wannan ne, don ka sha cewa in na turo baki ana iya rataya jaka a kai. Na matsa gaba kaɗan sai ga wani ɗan ƙarami mai manyan idanu, irin talibambam, wanda in an taɓa shi yake kumbura. Na tuna yadda kake cewa Hajiya Ɗaure-fuska ta cika ta batse, a matsa kada ta fashe. Na ce to ko wannan ne. Can kuma a wani lungu na ga wani siriri da ya shige ramin dutse ya juya wa duniya baya, jelarsa kawai ake gani. Wannan ma ai ni ce, in na shige ɗaki na turo ƙofa ina jira ka zo ka ƙwanƙwasa.

Na yi ta kai da komowa tsakaninsu har wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko wani abu na yar. Me zan ce mata? In ce ta nuna mini kifin da ya yi kama da ni a idon mijina? Na ce mata ba komai, na gode. Na samu benci na zauna, sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ni ban taɓa ganin fuskata ina fushi ba. Ba wanda yake fushi ya ruga madubi. Kai ne ka san ta, kai ka shekara goma kana kallonta, ka san farkonta ka san inda take kwancewa. Amsar tana wurinka, ka tafi da ita. Na yi kuka a bencin nan, cikin duhu, ba wanda ya kula, kowa kifi yake kallo.

Jiya na gwada a madubin banɗaki. Na haɗe gira, na turo baki, na tuno duk wanda ya taɓa ɓata mini rai tun daga makarantar allo. Ba ta zo ba. Da na kama ta sai ta narke ta koma kuka. Kuma na gane dalili, shi ne abin da ban taɓa faɗa maka ba.

Rabin fushin nan ba fushi ba ne. Ina ɗaure fuska ne don na san za ka zo ka kwance ta. Ina son yadda kake zagaye ni kana neman hanya, ka ɗauko wannan zance ka ajiye, ka tsokani yara, ka yabi miyar da ko ɗanɗana ta ba ka yi ba, har in kasa riƙewa in yi dariya. Fuskar nan taka ce, don kai nake yin ta. Da ba ka nan, wa zan yi wa?

Duba wurin nan naka kuma da nake kushewa, ban taɓa gaya maka ba, ina son sa. Ka ɗauko ni daga Funtuwa ka kawo ni ƙasar da ban san harshenta ba, ban san kowa ba, amma ban taɓa ɓata ba ko sau ɗaya. Ban taɓa tsayawa da yarinya a hannu ina neman banɗaki ba. Ban taɓa rasa inda zan yi salla ba. Duk inda na sa ƙafa a garin nan, na san ka riga ka taka shi ka ga ba abin da zai same ni. Matan abokanka suna ba ni labarin wahalar da suka sha farkon zuwansu, ni kuwa ban sha ba. Me ya hana ni in ce maka na gode? Ina ganin kamar akwai lokaci. Kullum ina ganin akwai wata Asabar.

Ga yadda na tsara goben. Za mu karya da wuri, in ba Husna abinci ta ƙoshi don kada ta dame mu. Anti Memuna ta ce za ta raka mu, na ce a'a, ta yi mana komai amma wannan namu ne. Mu huɗu ka ce, za mu je mu uku. Walida ta zaɓi rigar da za ta sa tun jiya, shuɗiyar nan da ka sayo mata, ta yi mata kaɗan amma ban hana ta ba. Ban gaya mata na je ba, ban kuma gaya mata na ga uku ba. Zan bar ta ta bi gilasan da kanta, kamar yadda ka ce.

Saura fuskar. Na yi tunani har na gaji, na ga mutum ɗaya ne zai iya fito da ita, kai ne. Don haka ina neman izininka, gobe zan yi fushi da kai. Ba da hukuncin Allah ba, astagfirullah, Shi ya ba ni kai, Shi ya karɓa, na sallama. Da kai zan yi. Zan tsaya a gaban gilashin in tuna cewa ka sake yin halinka. Ka sake tafiya wani wuri kai kaɗai, ba ka ce mu shirya ba, ba ka ce ga ranar da za ka kai mu ba. Ka bar ni a ƙofar kicin ina jiran rahoto, wannan karon kuma ba ka dawo ba. In na tuna wannan na san za ta zo, don ko yanzu da nake rubutawa ina jin girata tana haɗewa. Zan riƙe ta iya ƙarfina, ba zan bari ta narke ba sai Walida ta dube ni ta dubi ruwa ta nuna da yatsa.

Duk wanda ta nuna, zan ce mata ta canka. Ba zan ce Abba ya faɗa mini ba, don ba ka faɗa ba. Amma idonka ne da ita, kuma kai ka ce ta riƙe fuskar da kyau. In ta nuna mai turo baki, shi ne. In ta nuna wani na huɗu da ni ban ma lura da shi ba, shi ne. Zan ɗauke ta hoto a gabansa, mu tafi da shi Funtuwa, in Husna ta girma yayarta ta ba ta labari. Abin da ban sani ba shi ne wanda zai kwance mini fuskar bayan nan. Wataƙila Walida ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun ranar da ka durƙusa a gabanta.

Na ji motsinsu a bakin ƙofa, Anti Memuna ta dawo da su, bari in tsaya nan in wanke ido. Ka yafe mini mitar kwanon abinci. Ka yafe mini fushin gobe tun kafin in yi shi, ba zai daɗe ba, ka san ni. Ni na yafe maka komai, har da haɗa ni da kifi.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa inda ka je ya fi nan kyau nesa ba kusa ba. Tunda ka riga mu, ka duba mana wuri kusa da kai, na mutum uku. Wannan karon ba zan yi mita ba.

Sai mun zo.

Matarka,
Sa'adatu, Hajiya Ɗaure-fuskarka